Bencin Babban Aji

Shafi na 12

Sallama gare ku 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban turo yau ba da kanta za ta zo ta ƙwace wayar. A yi mini haƙuri, da yatsa ɗaya nake rubutu.

Ga wanda yau ya shigo: ni kafinta ne a unguwarmu. Wata ƙungiya za ta gina mana sabuwar makaranta a filin tsohuwar da ta rushe, ta turo mana mai zane, mace, muna ce mata Injiniya. Ni aka ba aikin bencina.

*

Ranar awon babban aji tun da hantsi na share shago, na ture dusar katako gefe, na fito da bencinan gwaji da na haɗa, gajere da matsakaici da dogo.

Haka Injiniya take aikinta. Ba ta yarda a yanka katako da awon littafi, sai an kawo yaran da kansu an zaunar da su, ta durƙusa ta duba ko ƙafa tana taɓa ƙasa, ko gwiwa tana bugun tebur. Ƙananan azuzuwa mun gama da su a makon da ya wuce. Ran nan shagon kamar kasuwa, har guduma sai da na ɓoye.

Yau kuwa shiru.

Auta, 'yar Yayata, tana ƙarƙashin teburin aiki tana jera guntayen katako. A nan take wuni kullum.

Injiniya ta iso da kwalin makarantar a hannunta, wato ƙaramar makarantar da ta yi da kwali, mai ɗakuna da tagogi, rufinta ana ɗagawa. Ta ajiye a kan tebur ta ɗaga rufin. Cikin kowane aji akwai murafen kwalba a jere, an manne su da gam. Kowane murfi yaro ɗaya ne. Babban aji, wanda ke can ƙarshe ta gabas mai faffaɗar taga, shi ya fi kowanne cika.

Baba Tela ya leƙo daga shagonsa da ke jikin nawa, tef a wuya. Shi ne shugaban kwamitin unguwa. Ya ce da ni in yau ma zan auna mutane a karkace kamar yadda na yi masa ƙofa, gara in ba shi aikin. Na ce ƙofarsa lafiya ƙalau take, shagon ne a karkace, kuma mai shagon ma a duba shi. Injiniya ta yi dariya. Shi ma ya yi, amma idonsa yana kan kwalin.

Yara uku suka zo. Biyu mata, ɗaya namiji mai jan ƙafa.

Muka auna su. Ba su yi surutu ba, ba su taɓa komai ba. Namijin da ya zauna a bencin sai da ya ɗaga kai ya kalli rufin shagona, ya daɗe yana kallo, sannan ya matsa bakin benci ta wajen ƙofa. Da aka gama suka tafi.

Muka zauna jiran sauran.

Injiniya ta duba waya, ta sha ruwa, ta fita bakin titi ta dawo. Ta tambayi Baba Tela ko saƙon bai isa gidaje ba. Ya ce ya isa, sai dai yaran yanzu, wani an aike shi, wani yana wajen kakarsa. Ta ce to ba komai, za ta jira. Rana ta take. Ta sake tambaya, ya ce ƙila gobe.

Ta ce gobe ba zai yiwu ba, jibi za ta miƙa zanen ƙarshe, daga nan ko ƙusa ɗaya ba a canzawa. Ta ɗauki jakarta ta ce in ɗauko tef mu bi gida gida, tunda iyayen duk ta san fuskokinsu.

"Mu fara da gidan Yayarka," in ji ta. "Ita ta fi kowa damuwa da ajin nan. Ɗanta ma ban taɓa ganinsa ba."

Baba Tela ya cire tef daga wuyansa ya shiga naɗewa a hankali.

Na sunkuya na ce da Auta ta je shagon Baba ta tsinto mini maɓallai masu kyau. Ta fita da gudu.

Na ce, "Injiniya, ki zauna."

Ba ta zauna ba.

"Babu sauran yara. Waɗannan ukun su ke nan."

Ta kalli kwalin, ta kalle ni. Ta ce ba ta gane ba, ai ga murafen nan, iyaye ne suka sa da hannunsu.

Na rasa ta inda zan fara. Sai na tambaye ta ko an gaya mata yadda tsohuwar makarantar ta rushe. Ta ce an ce mata ruwan sama ne, bango ya jiƙe ya faɗi, an yi rashi. Ta ce ba ta tambayi na wa ba, don ta lura duk wanda ta ɗauko wa zancen sai ya kama wani.

Na ce aji ɗaya ne ya faɗi, da safe, ana cikin karatu. Ƙofarsa ɗaya ce kuma ciki take buɗewa. Da a ce yaran ajin suna raye, bana su ne 'yan babban aji.

Sai a lokacin ta zauna, a kan gajeren bencin yara, gwiwoyinta suka taso sama.

Na ba ta labarin ranar murafen kamar ba ta wurin. Yadda ta ajiye kwalin a kan tebur a tsakiyar fili, ta riƙe gwangwanin murafe, ta ce tunda ba kowa ke gane zanen takarda ba, kowace uwa ta zo ta zaunar da 'ya'yanta a ajin da za su zauna. Mu maza muna baya a tsaye. Sai ga Yaya. Yaya da tun rasuwar ɗanta Dogo ba ta ƙetare ƙofar gida ba, ɗakinta ko labule ba ta ɗagawa. Mijinta direban babbar mota ne, ya yi rarrashi har ya gaji, yanzu in ya tafi sai ya yi wata bai dawo ba. Ban san wanda ya gaya mata taron ba. Ta ratsa mutane, ta miƙa hannu, ta ajiye murfi a babban aji, jikin taga.

Na ce daga nan sai matar mai gyaran rediyo ta bi bayanta. Sai wata. Sai wata. Babu wadda ta kalli 'yar uwarta.

"Kuna gani," in ji Injiniya. "Dukanku."

Baba Tela ya ce suna gani. Ya ce shi ne shugaba, shi ya kamata ya yi magana, ya buɗe baki kuma sai ya ga 'yarsa ta cikinsa a layin, da murfin jikansa a hannu. Ya ce, "'Yata, ke da kin iya cewa ta mayar?"

Ta jawo kwalin gabanta tana kallon ajin.

Can ta fara magana ƙasa ƙasa, kamar da kwalin take yi. Ta ce shi ya sa. Shi ya sa matan nan suka hana ta sakat a kan ajin nan kaɗai. Ƙofa biyu, kuma duk su buɗe waje. Taga ta sauko ƙasa yadda yaro zai iya tsallakawa. Rufi mara nauyi. Ginshiƙi a kowace kusurwa, da wani a tsakiya da ita ta san ba a buƙatarsa. Ta ce ta yi aiki a wurare da yawa, ba ta taɓa ganin iyayen da suka san abin da suke so kamar waɗannan ba, har ta riƙa ba abokan aikinta labarinsu.

Na ce ai ba ƙarya suka yi mata ba, ba da niyya ba ne.

Ta ce ta sani. Amma ko mun san abin da ajin nan ya ci? Ta sa yatsa ta nuna mana. Filin ƙarami ne. Don babban aji ya samu wuri, ta haɗe ƙananan azuzuwa biyu a ɗaki ɗaya, ta soke rumfar da za su riƙa wasa a inuwa, ta mayar da su can yamma inda rana ke duka bayan azahar. Ta ce yaran da suka cika shagon nan makon jiya, waɗanda sai da na ɓoye musu guduma, su ne za su zauna a matse kamar ashana a kwali.

"Saboda yara uku da benci ɗaya zai ishe su," ta ce.

Baba Tela ya ce to a bar shi mana, a kira shi ɗakin karatu ko ɗakin taron iyaye, waye zai sani. Ta ce ita za ta sani. Kuma ɗakin karatu ba ya buƙatar rabin filin.

Na roƙe ta. Ban iya magana mai tsari ba, abin da ya zo bakina na faɗa. Na ce tun ranar murafen nan Yaya ta dawo mutum. Tana wanka ta yi kwalliya ta zo taron zane. Ta koma girki. Shekaranjiya na ji dariyarta daga tsakar gida, sai da na tsaya a zaure na riƙe bango, don na manta yadda take. Na ce in aka goge ajin nan, ɗakin nan mai duhu za ta koma, kuma wannan karon ban san ko za ta sake fitowa ba.

Injiniya ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce, "Malam Kafinta, me kake so in yi? In zana wa waɗanda babu aji, in matse waɗanda ke akwai?"

A daidai lokacin aka yi sallama.

Yaya ce. Kwanon abincina a hannu ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule. Ta sa mayafinta mai ruwan toka da ta fi so. Ta gaida Baba Tela, ta tsokane ni wai na rame kamar katakon da nake gogewa, ta ce da Injiniya ta yi haƙuri ta makara, wuta ce ta ƙi kamawa.

Ta ajiye kwanon ta buɗe hannunta. Igiya ce siririya, a naɗe.

Ta ce ta ji yau ne awon babban aji, shi ne ta kawo nasa. A jikin bangon ɗakinta ta auna, inda yake tsayawa tana yi masa alama da gawayi. Ta warware igiyar ta miƙo mini, ta nuna mini wani ƙulli kusa da ƙarshe.

"Nan ne inda ya tsaya. Wannan ragowar ni na ƙara masa, ka san yara da girma. Kada ka yi masa benci irin na da, kullum gwiwarsa a goge."

Na karɓa.

Yaya ta kalle ni, ta kalli Baba Tela da ya sunkuyar da kai, ta kalli Injiniya da idonta ya yi ja. Sai murmushin ya sauka daga fuskarta a hankali.

"Ƙanena, kai ka gaya mata."

Na ce ni ne, Yaya.

Na ɗauka za ta yi kuka ko ta zage ni. Ba ta yi ba. Ta jawo dogon bencin gwaji ta zauna, ta gyara mayafi, ta fuskanci Injiniya.

"Ki daina yi mini wannan kallon, 'yar uwa. Ban haukace ba. Na san inda yake. Da hannuna na ɗaga bulon."

Injiniya ta yi mata ta'aziyya. Yaya ta amsa kamar yadda ake amsawa, sannan ta ci gaba. Ta ce ba wai tana jiran ya shigo ajin ba ne. Ta ce abin da ya hana ta barci duk tsawon lokacin nan, in ta rufe ido a tsohon ajin take ganinsa, yana tura ƙofar tana ƙin buɗewa. Kullum a can. Amma tun da aka fara zanen nan, tun da aka sa ƙofa biyu, wani lokaci sai ta gan shi a sabon, a zaune jikin taga, iska tana shigowa.

"So nake in fitar da shi daga can," ta ce. "Shi ke nan. Ki gina, a sa bencin, ko ba wanda ya zauna. Ni zan riƙa sharewa."

Baba Tela ya juya baya yana gyara tef ɗin da ya riga ya naɗe.

Injiniya ta taso daga gajeren bencin ta durƙusa a gabanta, irin durƙuson da take yi wa yara in tana awo. Ta yi mata bayanin filin a hankali, ba faɗa. Ta nuna mata ɗakin yamma da murafensa a cunkushe, ta nuna inda rumfa take da. Ta ce ƙofa biyu suna nan, taga tana nan, duk abin da suka koya mata za ta sa shi a kowane aji na makarantar, kuma saboda su ne. Amma ɗakin da kansa, in ta bar shi, ƙananan ne za su biya.

Yaya ta ce ƙananan za su saba, yara ba su san matsi ba.

Na ce, "Yaya, har da Auta fa a cikinsu."

Injiniya ta juyo ta kalle ni. Ta tambaya wace ce Auta. Na ce yarinyar nan da ke wuni a ƙarƙashin teburina, ai 'yar Yaya ce, ƙanwar Dogo, bana za ta shiga.

Ta kalli ƙarƙashin teburin. Sannan ta ce ita ta ɗauka 'yar wata ƙanwata ce da ba ta isa shiga ba, shi ya sa ranar awon ƙanana ba ta kira ta ba, kuma babu wanda ya turo ta layi. Ta ce duk zaman da suka yi da Yaya, ba ta taɓa jin ta ce tana da 'ya mace ba.

Yaya ta ɗan yi dariya, ta ce to mene ne a ciki, Auta ai tana da wurinta, ta sa mata nata. Ta miƙa yatsa cikin ɗakin yamma tana neman murfin, tana taɓa wannan tana taɓa wancan.

"Yana nan. Biyu na sa."

Ni ma haka na ɗauka. Ranar ina baya, kawunan mata sun tare ni, na ga dai hannunta ya sauka a babban aji.

Injiniya ta riƙe yatsan nata a hankali.

"Ke kika fara zuwa, shi ya sa ban manta ba. Na miƙo miki gwangwanin na ce nawa ne naki. Kika ce ɗaya."

"Biyu."

"Na sake tambayarki, Yaya. Na ce ɗaya tak? Kika ce ɗaya Allah Ya ba ki."

Yaya ta zare hannunta. Ta kalle ni kamar in ce ƙarya ne, ni kuwa sai tunowa nake yi: wanda ke yi wa Auta wanka da safe matata ce, wanda ya kai ta allura ni ne, kitson da ke kanta ma maƙwabciya ce ta yi.

Wani ɗan ƙara ya sa muka juya gaba ɗaya. Maɓalli ne ya faɗi a siminti yana gangarawa.

Auta tana bakin ƙofa, ta tattare gaban rigarta cike da maɓallai. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Fuskarta ba alamar kuka. Ta kalli uwarta, ta kalli kwalin, sannan ta kalle ni.

"Kawu, ba komai," ta ce. "Ni zan zauna a wurin Yaya Dogo kafin ya dawo. In ya zo sai in tashi."

Yaya ta zame daga kan bencin ta sauka a gwiwoyinta. Ta buɗe hannuwa biyu, ta kira ta.

Sunan da ya fito daga bakinta ba na Auta ba ne.